Ƙwallon ƙafa iri-iri: Tarihi da ƙa'idoji da farin jininsu

Idan aka ambaci ƙwallon ƙafa a Kano ko Damagaram ko Kumasi, kowa ya san abin da ake nufi: 'yan wasa 11 a kowane ɓangare, da raga biyu, da ƙwallon da ba a taɓa ta da hannu.

Sai dai ba haka lamarin yake a ko'ina ba. A birnin Dallas na Amurka, sunan na nufin wasan ƙarti masu hular kwano da ke karo da juna. A Melbourne ta Ostireliya, wasa ne na mutum 18 a kowane ɓangare, a fili mai siffar ƙwai. A gundumar Kerry ta Ireland kuwa, wasa ne da ake buga ƙwallo da ƙafa kuma a ɗauke ta da hannu, ba a kuma biyan 'yan wasansa albashi.

Akwai manyan wasanni bakwai da ke amsa wannan suna. Shida daga cikinsu salsalarsu guda ce, wato makarantu da ƙauyukan Birtaniya na ƙarni na 19, na bakwai ɗin kuma an tsara shi ne da nufin yi musu kishiya.

Kafin a rubuta ƙa'ida

Buga ƙwallo da ƙafa tsohon abu ne. Mutanen ƙasar Sin sun yi wani wasa mai suna cuju fiye da shekaru 2,000 da suka wuce, Japanawa na da kemari, mutanen birnin Florence na Italiya kuma na da nasu wasan na mutum 27 a kowane ɓangare, wanda har yanzu ake yinsa a watan Yuni. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya haifi wasannin da ake gani a yau.

Asalin ya fito ne daga Ingila, inda ƙauye guda kan fito ya kara da wani ƙauyen a ranar biki, babu iyakar yawan mutane, babu alƙalin wasa, ana ture-ture da doke-doke har sai an kai ƙwallo wani wuri da aka amince a kai.

Hukumomi sun sha hana shi. An haramta shi a birnin Landan a 1314 saboda hargitsin da yake jawowa, Sarki Edward na Uku kuma ya sake hana shi a 1363, domin yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. Duk da haka wasan bai mutu ba. A garin Ashbourne har yanzu ana yin irinsa kowace shekara, kuma tsakanin gidajen ɓangarorin biyu akwai tazarar kusan kilomita 5.

A farkon ƙarni na 19 ne makarantun kwana na 'ya'yan masu hali, irin su Eton da Harrow da Winchester da Rugby, suka rungumi wasan. Kowace makaranta na da tsarinta, gwargwadon filin da take da shi. Inda filin yake da daɓen dutse, yara sun fi gara ƙwallo da ƙafa, domin faɗuwa a kan dutse ba wasa ba ne. A makarantar Rugby, wadda ke da yalwataccen fili mai ciyawa, an bari a rungumi ƙwallo a ruga da ita, a kuma kayar da mai ita.

Ana ba da labarin cewa wani ɗalibi mai suna William Webb Ellis ne ya fara ɗaukar ƙwallo ya ruga da ita a 1823. Masana tarihi da dama na ɗaukar wannan a matsayin almara, ganin cewa labarin bai fito ba sai bayan rasuwarsa, amma hakan bai hana a sa wa kofin duniya na zari-ruga sunansa ba.

Matsalar ta taso ne lokacin da waɗannan ɗalibai suka haɗu a jami'a, kowa da ƙa'idar da ya sani. 'Yan makarantar Rugby sun rubuta tasu a 1845, ɗaliban Cambridge suka yi ƙoƙarin haɗa ta bai ɗaya a 1848, yayin da kulob ɗin Sheffield, wanda aka kafa a 1857, ya fito da tasa.

Rabuwar 1863

Ranar 26 ga watan Oktoba na 1863 wakilan kulob-kulob na yankin Landan suka hallara a wani gidan shaƙatawa da ake kira Freemasons' Tavern, suka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA. Wani lauya, Ebenezer Cobb Morley, shi ne ya tsara daftarin ƙa'idojin.

An yi ta zama har zuwa watan Disamba, kuma abubuwa biyu ne suka raba kan mahalarta: gudu da ƙwallo a hannu, da kuma harbin ƙwaurin abokin hamayya da gangan. Abin da ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne na biyun. Wakilin kulob ɗin Blackheath ya dage cewa hana harbin ƙwauri zai raba wasan da jarumtarsa. Da aka soke abubuwan biyu, sai Blackheath ta fice.

Daga wannan rana hanya ta rabu biyu. Waɗanda suka zauna su ne suka gina wasan da Hausawa ke kira ƙwallon ƙafa ko tamaula. Waɗanda suka fice kuma, tare da masu ra'ayi irin nasu, suka kafa hukumar zari-ruga a watan Janairu na 1871, kuma ɗaya daga cikin abubuwan farko da suka yi shi ne hana harbin ƙwaurin da aka yi rigimar dominsa.

Ita kalmar nan ta "soccer" da ake ɗauka ta Amurkawa ce, a Ingila aka ƙirƙiro ta. Ɗaliban jami'a ne suka gutsuro ta daga cikakken sunan hukumar ta FA, don su bambanta wasan da zari-ruga.

Tamaula

Ci gaban wasan ya zo da sauri. An fara gasar cin kofin FA a 1871, aka yi wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa a Glasgow a watan Nuwamba na 1872, inda Scotland da Ingila suka tashi babu ci.

Ba da daɗewa ba ma'aikatan masaƙu da masana'antu na arewacin Ingila suka karɓe wasan daga hannun 'ya'yan masu hali, kulob-kulob suka fara biyan 'yan wasa a ɓoye. A 1885 hukumar FA ta haƙura ta halatta biyan, kuma a 1888 aka kafa gasar lig ta farko a duniya da kulob 12. Wannan sassauci ya tsirar da wasan daga irin tsagewar da za ta sami zari-ruga bayan shekaru goma.

Ƙa'idojin wasan 17 ne. Ana minti 90, kashi biyu na minti 45, kuma mai tsaron gida ne kaɗai ke da iznin taɓa ƙwallo da hannu, shi ma a cikin da'irarsa. An shigo da bugun fenariti a 1891. A 1925 aka sassauta dokar satar gida, aka rage yawan 'yan bayan da dole su kasance tsakanin mai kai hari da raga daga uku zuwa biyu, abin da ya sa cin ƙwallaye ya ƙaru nan take. Katin gargaɗi da jan kati sun fara aiki ne a gasar cin kofin duniya ta 1970, a 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa, sannan na'urar bidiyo mai taimaka wa alƙalin wasa ta shiga gasar duniya a 2018.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hukumar FIFA ba ta da ikon sauya ƙa'ida ita kaɗai. Aikin wata majalisa ce mai suna IFAB, wadda aka kafa a 1886. Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa na da ƙuri'a ɗaya ɗaya a cikinta, FIFA na da huɗu, kuma sai an sami shida kafin a sauya ko da kalma guda.

Matuƙa jiragen ruwa da ma'aikatan layin dogo da 'yan kasuwa da malaman mishan na Birtaniya su ne suka yaɗa wasan. Charles Miller ya koma Sao Paulo daga karatu a Ingila a 1894 ɗauke da ƙwallaye, Turawan Ingila ne kuma suka kafa kulob ɗin Genoa a 1893 da AC Milan a 1899.

An kafa FIFA a birnin Paris a 1904 da wakilan ƙasashe bakwai, babu Ingila a ciki. Yanzu tana da mambobi 211, fiye da na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasashe 13 ne suka halarci gasar cin kofin duniya ta farko a Uruguay a 1930, kuma a 2017 hukumar ta yanke shawarar kai yawan ƙasashen 48 daga gasar 2026. Wata ƙididdiga da ta yi a 2006 ta nuna cewa mutane miliyan 265 ke buga wasan, ta kuma ce kusan mutum biliyan ɗaya da rabi ne suka kalli wasan ƙarshe na 2022 a Qatar, wanda Ajantina ta doke Faransa a bugun fenariti.

A Afirka, an kafa hukumar CAF a Khartoum a 1957, aka kuma yi gasar cin kofin nahiyar ta farko a can. Najeriya ta ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1996, Kamaru ta bi sahu a 2000, Afirka ta Kudu ta ɗauki baƙuncin gasar duniya a 2010, Maroko kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2022.

Mata ma sun daɗe a fagen. A watan Disamba na 1920 mutane kimanin 53,000 ne suka kalli wani wasan mata a filin Goodison Park na Liverpool. Bayan shekara guda hukumar FA ta hana mata wasa a filayenta, haramcin da ya ɗauki kimanin shekaru 50. Sai a 1991 aka fara gasar cin kofin duniya ta mata.

Zari-ruga ta dare gida biyu

A zari-ruga ƙwallon mai siffar ƙwai ce, kuma babbar ƙa'idar ita ce ba a miƙa ta gaba da hannu, sai dai baya ko gefe. Mai son ci gaba ko dai ya ruga da ita, ko ya buga ta da ƙafa. Abokan hamayya na da iznin rungume mai ƙwallo su kayar da shi, amma ba a sama da kafaɗa ba.

A nau'in da ya fi yaɗuwa, 'yan wasa 15 ne a kowane ɓangare, ana kuma minti 80. Wanda ya dangwala ƙwallo a bayan layin gidan abokan hamayya ya sami maki 5, da damar bugun ƙarin maki 2 ta saman sandar da ke gicciye tsakanin dogayen turaku biyu. Bugun hukunci maki 3 ne. Sunan da Turawa ke kiran dangwalawar ma'anarsa "gwaji", domin a farkon zamani ba ta da maki ko ɗaya, dama ce kawai ta gwada bugun turaku.

Idan aka yi ƙaramin kuskure, ƙarti takwas daga kowane ɓangare kan sunkuya su sarƙe kafaɗu suna turereniya, a jefa ƙwallo a tsakiyarsu.

Shugabannin wasan na Landan sun ɗauki karɓar kuɗi a matsayin abin kunya. Amma a arewacin Ingila 'yan wasan masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, waɗanda ke aiki har ranar Asabar. Duk wanda ya bar aiki ya je wasa ya yi asarar ladan wunin, idan ya karye kuwa iyalinsa sun shiga wani hali. Kulob-kulob ɗin arewa suka nemi a bari su riƙa biyan diyyar lokacin da aka rasa, hukumar ta ƙi.

Ranar 29 ga watan Agusta na 1895, kulob 22 suka ɓalle bayan wani taro a otal ɗin George da ke Huddersfield. Tun da yanzu da kuɗin 'yan kallo suka dogara, sai suka shiga gyara wasan don ya ƙara sauri. A 1906 suka rage 'yan wasa zuwa 13, suka kuma kawar da yawancin turereniyar. A tsarinsu na yanzu, ƙungiya na da damar a kayar da 'yan wasanta sau shida, in ba ta ci ba ta miƙa ƙwallo. Dangwalawa maki 4 ce.

Gabar da ta biyo baya ta kai shekara ɗari. Duk ɗan wasan 15 da ya taka filin 'yan 13 yana iya fuskantar kora ta har abada. A Faransa lamarin ya fi muni, domin a 1941 gwamnatin Vichy mai haɗa kai da 'yan Nazi ta haramta wasan 'yan 13 baki ɗaya, ta ƙwace dukiyarsa. Sai a watan Agusta na 1995 masu wasan 15 suka amince da biyan albashi, bayan kuɗin talabijin ya fi ƙarfinsu.

Wasan 15 ya yi ƙarfi a New Zealand da Afirka ta Kudu da Wales da kudancin Faransa da tsibiran Fiji da Samoa da Tonga. An fara gasar duniyarsa a 1987. Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin a 1995 da 2007 da 2019 da 2023, New Zealand kuma a 1987 da 2011 da 2015.

Nasarar 1995 ta wuce batun wasa. A zamanin wariyar launin fata baƙaƙen Afirka ta Kudu na kallon zari-ruga a matsayin wasan masu zaluntarsu, har sukan goyi bayan duk ƙasar da ta zo karawa da tawagar. Shugaba Nelson Mandela ya shiga filin Ellis Park sanye da rigar tawagar, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofin. Ɗan wasa ɗaya ne tak wanda ba farar fata ba a tawagar, wato Chester Williams, kuma sai a 2018 aka naɗa baƙar fata na farko, Siya Kolisi, kyaftin.

Shi kuwa wasan 13 bai yi nisa sosai ba. Ƙarfinsa na arewacin Ingila ne, da jihohin New South Wales da Queensland na Ostireliya, da kuma Papua New Guinea, inda ya zama wasan ƙasa. Akwai kuma gajeren nau'i na mutum bakwai da aka ƙirƙiro a garin Melrose na Scotland a 1883, wanda ya shiga Olamfik a 2016, ya kuma ba Fiji lambar yabonta ta farko a tarihin wasannin.

Amurka da Kanada

Wasan farko tsakanin jami'o'in Amurka, wanda Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4 a watan Nuwamba na 1869, ya fi kama da tamaula. Abin da ya sauya akalar shi ne ziyarar da ɗaliban jami'ar McGill ta Kanada suka kai Harvard a 1874, suka nuna musu zari-ruga.

Walter Camp na jami'ar Yale shi ne ya mayar da wasan na Amurkawa. A 1880 ya kawo tsarin da ɓangarori biyu za su jeru suna fuskantar juna, ƙwallo na hannun ɓangare guda, aka kuma tsayar da 'yan wasa 11. Bayan shekaru biyu ya ƙara da cewa dole mai ƙwallo ya ci wata tazara cikin ƙayyadadden yunƙuri, ko ya rasa ta.

Wasan ya yi ta cin rayuka. A 1905 kaɗai jaridu sun ƙirga aƙalla 'yan wasa 18 da suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadar White House ya nemi a gyara. Daga cikin gyare-gyaren 1906 akwai halatta jefa ƙwallo gaba da hannu, domin a warwatsa cunkoson 'yan wasa. Wannan shi ne ya raba wasan da zari-ruga kwata-kwata.

A yau filin yadi 100 ne, wato kimanin mita 91. Masu kai hari na da yunƙuri huɗu su ci yadi 10, idan sun ci a sake ba su huɗu. Shiga da ƙwallo yankin gidan abokan hamayya maki 6 ne, bugun turaku kuma maki 3. Babu iyaka ga sauya 'yan wasa, saboda haka kowace ƙungiya na da rukunin kai hari daban, na tsaron gida daban, na bugun ƙafa daban, kuma akasarin 'yan wasan kan gama rayuwarsu ta wasa ba su taɓa sa wa ƙwallo ƙafa ba.

A agogo minti 60 ne, amma wasa kan ɗauki sa'o'i uku. Wani bincike da jaridar Wall Street Journal ta yi a 2010 ya gano cewa ainihin lokacin da ƙwallo ke motsi bai wuce minti 11 ba. Yawan tsayawar ya dace da masu tallace-tallace a talabijin, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa gasar NFL, wadda aka kafa a 1920 kuma take da ƙungiyoyi 32, ta fi kowace gasar wasanni a duniya samun kuɗi.

Wasan ƙarshe na gasar, wato Super Bowl, an fara shi a 1967, kuma na watan Fabrairun 2025 ya sami masu kallo kimanin miliyan 127 a Amurka. Wasan jami'o'i ma ba baya ba ne, domin filin jami'ar Michigan na ɗaukar mutum fiye da 107,000. A waje kuwa wasan bai kafu ba. Gasar da NFL ta kafa a Turai an rufe ta a 2007, shekarar da aka fara kai wasu wasannin gasar Landan.

Na Kanada ɗan uwan na Amurka ne: 'yan wasa 12, yunƙuri uku maimakon huɗu, fili kuma ya fi faɗi. Kofinsa, Grey Cup, tun 1909 ake fafatawa a kansa.

Ostireliya

A watan Yuli na 1858 wani ɗan wasan kurket mai suna Tom Wills, wanda ya yi karatu a makarantar Rugby, ya rubuta wasiƙa a wata jaridar Melbourne yana ba da shawarar a kafa kulob ɗin ƙwallo domin 'yan kurket su riƙa motsa jiki a lokacin hunturu. A watan Mayu na 1859 aka rubuta ƙa'idojin, shekaru huɗu kafin na FA.

Shi ya sa ake yin wasan a filin kurket. Babu dokar satar gida. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu: bugun ƙafa ta tsakanin na tsakiya maki 6 ne, ta gefe maki 1. Ba a jefa ƙwallo, sai dai a naushe ta, mai gudu da ita kuma dole ya buga ta da ƙasa duk bayan mita 15. Abin da 'yan kallo suka fi so shi ne cafkar ƙwallo a sama, inda ɗan wasa kan taka kafaɗar wani ya yi tsalle, kuma wanda ya cafke bugun da ya kai mita 15 yana samun damar bugawa ba tare da an taɓa shi ba.

Akwai masu cewa Wills ya ɗauko wani abu daga marn grook, wasan 'yan asalin ƙasar da ya tashi a cikinsu, batun da masana tarihi suka rabu a kansa. Gasar AFL na jan 'yan kallo masu yawan gaske, kuma wasanta na ƙarshe na 1970 ya tara mutum 121,696 a Melbourne. Sai dai ko a cikin Ostireliya, biranen Sydney da Brisbane sun fi karkata ga zari-ruga ta 'yan 13.

Ireland

An kafa ƙungiyar GAA a garin Thurles ranar 1 ga watan Nuwamba na 1884, ƙarƙashin jagorancin Michael Cusack da Maurice Davin, lokacin da Ireland ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya. Manufarta ita ce raya wasannin gargajiya don kada na Ingila su shafe su.

'Yan wasa 15 ne, ƙwallon kuma zagayayya ce. Ana iya ɗaukar ta a hannu na taku huɗu, sannan a buga ta da ƙasa ko a tsakure ta da ƙafa a sake cafkewa. Cin raga maki 3 ne, bugawa ta saman sanda maki 1, kuma daga 2025 bugun da aka yi daga nesa, wajen wani layi na mita 40, ya zama maki 2. Kowa gundumarsa yake yi wa wasa, ba a saye ko sayar da ɗan wasa, kuma malamin makaranta ko manomi kan buga wasan ƙarshe a gaban mutum 82,300 a filin Croke Park ya koma bakin aikinsa.

A wannan fili ne, ranar 21 ga watan Nuwamba na 1920, dakarun Birtaniya suka buɗe wuta ana tsakiyar wasa tsakanin Dublin da Tipperary, suka kashe mutum 14, cikinsu har da ɗan wasa Michael Hogan. Har zuwa 1971 ƙungiyar na korar duk mambanta da ya buga ko ya kalli tamaula ko zari-ruga. Ko shugaban ƙasar na farko, Douglas Hyde, an cire shi daga matsayin uban ƙungiya a 1938 saboda ya halarci wasan tamaula. A 2007 ne tawagar zari-ruga ta Ingila ta yi wasa a filin, aka rera taken Birtaniya ba tare da wata hatsaniya ba.

Abin da ya sa ɗaya ya yi zarra

Masu nazarin wasanni kan kawo dalilai da dama. Tamaula ba ta buƙatar komai sai ƙwallo, ko da ta tsumma ce, da duwatsu huɗu a matsayin raga. Ana iya yin ta a kan ƙasa mai tauri, inda kayar da mutum irin na zari-ruga zai zama haɗari. Ba ta kuma zaɓen jiki: Diego Maradona da Lionel Messi duk gajeru ne. Ƙarancin cin ƙwallaye na ba ƙaramar ƙungiya damar kayar da babba, abin da ba kasafai yake faruwa a wasannin da ake tara maki da yawa ba.

Lokaci ma ya taka rawa. Amurka da Ostireliya da Ireland sun riga sun kafa nasu wasannin, da filayensu da magoya bayansu, kafin tamaula ta iso da ƙarfi, kuma a nan ne ta fi shan wahalar samun gindin zama.

Raunin ƙwaƙwalwa

Ƙalubalen da ya haɗa wasannin a wannan ƙarni shi ne lafiyar 'yan wasa. A 2005 wani likita haifaffen Najeriya, Bennet Omalu, ya wallafa sakamakon binciken da ya yi a kan ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers da ya rasu a 2002, inda ya gano wata cuta mai nasaba da yawan buguwar kai. Da farko likitocin NFL sun yi watsi da binciken, amma a 2013 gasar ta amince ta biya dala miliyan 765 ga dubban tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston suka sami alamun cutar a ƙwaƙwalwa 110 daga cikin 111 na tsofaffin 'yan wasan gasar da iyalansu suka bayar.

A zari-ruga, Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya bayyana a 2020 cewa yana fama da cutar mantuwa, kuma ba ya iya tuna wasannin gasar. Yana cikin ɗaruruwan tsofaffin 'yan wasa da suka shigar da ƙarar hukumomin wasan.

Ita ma tamaula ba ta tsira ba. Wani bincike na jami'ar Glasgow a 2019 ya nuna cewa haɗarin mutuwa sakamakon cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa a tsakanin tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Scotland ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. A 2020 hukumomin Ingila da Scotland da Ireland ta Arewa suka hana yara 'yan firamare buga ƙwallo da ka a lokacin atisaye.

A Amurka kuma ana ƙarfafa wani nau'i da ba a karo a cikinsa, inda ake fizge ƙyallen da ke ɗaure a ƙugun mai ƙwallo a maimakon kayar da shi. Kwamitin Olamfik na duniya ya amince a 2023 da sanya shi cikin wasannin da za a yi a Los Angeles a 2028.